Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Muhalli Na Jihar Kano Kan Ruwan Mayanka

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya yi riƙo da hannunku a kan wannan nauyi da aka ɗora muku.

Ranka ya daɗe, ni ɗan mahauta ne, jikan mahauta. Da kuɗin fawa aka saya mini littafin farko, da shi aka biya mini kuɗin makaranta har na karanta injiniyancin ruwa. Saboda haka idan na yi maganar ƙazantar da ke fita daga mayanka, maganar gidanmu nake yi, ba na nuna kowa da yatsa. Na zaɓi in rubuta a fili ne domin iyayenmu sarakunan pawa da shugabannin mahauta su ma su ji, tunda aikin da zan roƙa ba zai yiwu ba sai da hannunsu a ciki.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin lambatun da ke bayan Abbatuwa, babbar mayankar birnin Kano, bayan sallar asuba ya san yadda launin ruwan yake sauyawa. Da farko ja ne wur. Kafin hantsi ya koma ruwan ƙasa mai kauri, saboda an fara farke tumbi ana wanke hanji. Idan rana ta take, a wuraren da ya kwanta sai ya yi baƙi, kitse ya daskare a kansa, ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ruwa rafin Jakara yake bi. A gaba rafin Getsi ya kawo nasa kason daga masana'antun Bompai, su haɗe. Masu lambu a Kwakwaci da sauran bakin rafin su sa injin ban ruwa su ja shi zuwa kan latas da alayyahu da kabeji da karas, abin da ya rage ya gangara dam ɗin Wasai a Minjibir, inda masunta ke jiransa. Latas ɗin nan kuwa ba dafa shi ake yi ba.

Mutane suna raina ruwan mayanka don suna ganin ai jini ne da kashin dabba, ba sinadarin kamfani ba. A ma'aunin da muke auna nauyin datti da shi, wanda ake kira COD, wato yawan iskar oksijin da ake buƙata kafin a cinye dattin da ke cikin ruwa, ruwan kwatamin gida yakan kai kimanin miligiram 500 a kowace lita. Jini tsantsa yana kaiwa wajen miligiram 375,000. Sa guda yana zubar da jini lita 10 ko fiye. Idan aka buga lissafi, jinin sa ɗaya tak da aka bari ya bi kwata ya kai nauyin ƙazantar da mutum 30 ke fitarwa a yini. Sai a duba yawan abin da ake kayarwa a garin nan kowace safiya, balle ranar jajiberin salla.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsoron ranar da za a tashi gyara. Na san yadda abin yake tafiya. 'Yan kwangila za su zo da hotuna masu sheƙi na matatar zamani irin ta Turai: manyan kwarmin kankare a buɗe, injuna suna hura iska cikin ruwa dare da rana, yana tafasa kamar tukunyar dambu. Wannan hanya tana aiki, ban musa ba. Amma ranta a hannun wutar lantarki yake. Ana kashe abin da ya kai kilowat-awa 1 a kan kowane kilo na dattin da aka cire, kuma ba a yarda injin hura iskar ya tsaya ba ko na yini ɗaya. Idan aka ɗauke wuta aka rasa man janareto, ƙwayoyin halittar da ke aikin sai su shaƙe, kwarmin ya koma kududdufi mai ɗoyi wanda ya fi lambatun da aka guda. Bayan haka kusan rabin dattin da suka ci yana komawa laka, wadda ita ma sai an kwashe, an busar, an nema mata wurin zubarwa. Mu da muka san halin wutarmu da farashin dizal, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai wata hanyar, kuma kumfan nan da ke fashewa a baƙin ruwa su ne shaidarta. A ƙarƙashin lakar, inda iska ba ta kaiwa, akwai wasu ƙwayoyin halitta da oksijin ma guba ce a gare su. Suna cin datti su fitar da iskar gas mai kamawa da wuta. Tun a 1776 wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya tara irin wannan iska daga fadamar tafkin Maggiore ya kunna mata wuta. Mahauci kuwa bai buƙatar a kai shi Italiya. Tumbin saniya rufaffen tanki ne mai ɗumi da babu iska a cikinsa, cike da waɗannan halittu, kuma gyatsar da take yi wannan gas ɗin ne. Haka ma marinan Ƙofar Mata. Idan suka zuba baba da toka a karofi suka bar shi kwanaki sai ya nuna, ƙwayoyin halitta marasa son iska ne suke yi musu aikin a can ƙasan ramin, ko da yake wani jinsi ne daban. Kanawa sun daɗe suna kiwon irin waɗannan bayin Allah, sunansu ne kawai ba su sani ba.

Alfanun wannan hanya a bayyane yake. Ba a hura iska, don haka babu injin da zai ci wuta. Lakar da take bari kaɗan ce, ba ta cika wuce kashi 10 cikin 100 na abin da aka ci ba. Kowane kilo na COD da aka cire yana iya ba da lita 350 na iskar metan, wato gas ɗin nan mai kamawa da wuta. Sannan halittun suna son ɗumi, tsakanin digiri 30 zuwa 37, zafin da Bature ke ƙona mai kafin ya samar wa tankinsa, mu kuwa Allah ya ba mu shi kyauta a mafi yawan shekara.

Amma suna da aibi guda babba: jinkirin haihuwa. Ƙwayoyin da ke shan iska suna ninka yawansu cikin awoyi. Masu yin metan sai sun ɗauki kwanaki. To idan ka zuba ruwa ta wannan gefe na tanki yana fita ta wancan cikin yini ɗaya, zai riƙa kwashe su yana tafiya da su tun kafin su hayayyafa, ka wayi gari tanki fayau babu ma'aikata. Shi ya sa tsofaffin tankunan bayogas na kashin shanu suke riƙe kayansu wata guda ko fiye. Wannan yana yiwuwa ga garke ɗaya. Ruwan mayankar birni kuwa, tankin da zai riƙe na wata guda sai ya cinye unguwa.

Maganin yana cikin randar ɗakin tsohuwa. Idan aka kwana biyu ba a wanke randa ba, ka sa hannu ka shafa cikinta, za ka ji wani santsi mai yauƙi. Wannan yauƙin gari ne guda na ƙwayoyin halitta da suka manne a jikin yumɓu, suka yi wa kansu majina suka lulluɓa da ita. Ko ka juye ruwan ka zuba sabo suna nan daram. Haka suke yi a jikin dutsen rafi, haka suke yi a haƙorin wanda bai yi asuwaki ba. Dabarar ita ce a cika rufaffen tanki da abubuwan da za su ɗafe a jiki, a ba su mazauni, sai ruwan datti ya shigo ta ƙasa ya ratsa tsakaninsu a hankali ya fita ta sama. Ruwa ya wuce cikin yini ɗaya ko biyu, su kuwa su zauna watanni suna ci. A 1969 ne James Young da Perry McCarty na Jami'ar Stanford a Amurka suka bayyana wannan tsari bayan sun gwada shi da tanki cike da duwatsu, kuma tun daga nan ake gina shi a masana'antun abinci da unguwanni a ƙasashe da dama. Ana ce masa matata, amma ba tacewa irin ta rariya yake yi ba. Cinye dattin ake yi.

A cikin yauƙin nan aikin gayya ake yi. Wasu suna farfasa maiƙo da nama da ɓawon ciyawa zuwa ƙanana. Wasu su karɓa su mai da su ruwan tsami. Na ƙarshe, masu yin metan, su shanye tsamin su fitar da gas. Na farkon masu zafin nama ne, na ƙarshen kuwa masu nawa ne da saurin fushi. Idan aka antaya wa tanki datti fiye da ƙima a lokaci ɗaya, masu yin tsami sai su yi wa masu shanyewa nisa, ma'aunin pH, wanda ke sauka idan tsami ya ƙaru, ya faɗo ƙasa da 6.5, masu metan su daina aiki, tsami ya ƙara taruwa. A bakin ma'aikata sai a ce tanki ya yi tsami. Ruwa kuwa ba ya tsami banza, kullum akwai wanda ya yi gaggawa. Fifikon tanki mai mazauni shi ne yana jure irin wannan bugu fiye da wanda halittunsa ke yawo a ruwa, domin na can cikin yauƙi suna samun kariya daga na waje. Kuma idan aka yi hutu, ko aka rufe mayanka na makonni, ba sa mutuwa. Lafawa suke yi, da abinci ya dawo su farka.

Akwai wani tsarin da Gatze Lettinga ya ƙirƙiro a Wageningen ta ƙasar Holan a shekarun 1970, mai suna UASB, wanda ba a sa masa mazauni, halittun da kansu suke dunƙulewa kamar ƙwayar gero su zauna a ƙasa. Ya yaɗu sosai a Indiya da Brazil. Sai dai kitse yana hana dunƙulewar, yana sa lakar ta taso ta bi ruwa, kuma yana son ma'aikaci mai ido a kansa kullum. Ga ruwan mayanka a hannun mutanenmu, na fi natsuwa da mai mazauni.

Yanzu ga inda kuɗi yake shiga, kuma ga inda nake so ranka ya daɗe ya sa ido: da me za a cika tankin? A nan ne ɗan kwangila zai ce sai an yi odar wasu zobba na roba daga waje, da dala. Robar tana da kyau, gaskiya ce. Ba ta da nauyi, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na wurin da ta cika fili ne da ruwa zai bi. Tsakuwa kuwa tana cinye fiye da rabin tankin ita kaɗai, ga nauyin da sai an ƙarfafa gini saboda shi. Amma tsakanin robar waje da tsakuwa akwai abubuwa da yawa. Abin da ake nema a mazauni sananne ne: ya kasance mai kaushi don halittu su sami wurin kamawa, ya ba da faɗin jiki mai yawa, kamar murabba'in mita 90 zuwa 300 a kowace kubik mita ta mazaunin, ya bar ƙofofi manya don kada ya toshe, kuma kada ya ruɓe ko ya saki guba.

A Kanada, a farkon shekarun 1980, masu bincike a cibiyar binciken ƙasar da ke Ottawa sun gwada kaya iri-iri, suka tarar gasasshen jan yumɓu yana cikin waɗanda yauƙin ya fi saurin kamawa, ya fi roba mai sulɓi. A Brazil, inda haɗa sokawe da irin wannan matata ya shiga ƙa'idar gini ta ƙasa, masu bincike a Jami'ar Campinas sun cika tankuna da yankakken gora da ɓawon kwakwa, suka yi aiki. A Tailan, Jami'ar King Mongkut da ke Thonburi ta yi amfani da ragar nailan a tankunan da ke cin ruwan masana'antun sitacin rogo. Wannan fasaha ta Tailan ce aka ɗauko don shirin mayankar Bodija a Ibadan, wanda ya ci lambar yabo ta SEED a 2005 saboda niyyarsa ta mai da ƙazantar shanu gas ɗin girki. Ke nan maganar ba baƙuwa ba ce a Najeriya.

Mu me muke da shi? Fasassun tukwane da randuna da tulu, waɗanda masu ginin tukwane ke zubarwa bayan kowace gasa. Gutsattsarin jan bulo. Gawayi. Murafen gorar ruwa da na lemo, waɗanda yara 'yan bola jari ke tarawa buhu-buhu. Gorar robar kanta idan aka yanke kai da gindi aka karce jikinta. Guntayen bututun wayar lantarki mai gaɓa-gaɓa. Kowanne da halinsa: gawayi yana da ramuka amma yana marmashewa, roba tana son tasowa sama sai an danne ta da raga, gora tana ruɓewa bayan shekaru. Ba zan ce wa ranka ya daɗe ga wanda ya fi ba sai an gwada su gefe da gefe da ruwan mayankarmu, a zafinmu da hunturunmu.

Na faɗi haka ne saboda na taɓa ƙona hannuna. Shekarun baya na gina ƙaramin tanki irin wannan a wata mayanka ta wani gari da ba sai na ambata ba. Don in rage kuɗi sai na cika shi da tsakuwar da ta rage daga wani gini, ƙanana, irin ta zuba daɓe. Na kuma yi sakaci da ramin tare kitse, na yi shi ɗan ƙarami. Watanni na farko komai lafiya. Ranar da gas ya fara zuwa na haɗa tiyo da wani tsohon murhu, na ƙyasta ashana, wuta shuɗiya ta tashi babu hayaƙi. Wani dattijo cikin mahautan ya tsuguna ya daɗe yana kallonta, ya miƙa tafin hannu ya ji zafi, sannan ya ce a ɗora shayi. Da aka dafa sai ya ƙi sha, wai ba zai sha abin da aka dafa da tusar kwata ba. Yaran suka shanye.

Ba a rufa shekara ba ruwa ya fara komowa baya. Da muka buɗe, bayan mun bar shi ya sha iska, sai na ga kitse da gashi da ɓawon ciyawar tumbi sun haɗe da tsakuwar sun zama kamar daɓen siminti. Ruwan ya huda wa kansa hanya ɗaya a gefen bango yana bi yana fita yadda ya shigo, sauran tankin duk a banza. Da diga muka fasa. A cikin tarkacen na tsinci wani kasko, gutsuren tsohuwar randa da ya faɗa ciki tun lokacin gini. Na ɗaga shi a rana. Baƙin yauƙi ya lulluɓe shi ciki da waje, kauri kamar fatar ganda, sumul, ga ƙananan ramuka inda gas ke fita. Tsakuwar da ke kewaye da shi ba ta kama rabin haka ba. Da muka sake cikawa da manyan kasake da jan bulo, muka bar kashi ɗaya cikin uku na ƙasan tankin babu komai don laka ta sami wurin kwanciya da bututun zuƙe ta, sai ya zauna lafiya. Abin da ya kashe shi daga baya wani abu ne daban: an sami sabon mai wanke daɓe wanda ya ga alheri ne ya riƙa tuttula maganin kashe ƙwayoyin cuta a kwata kowace yamma. Babu wanda ya gaya masa cewa akwai masu rai a ƙarƙashin murfin, kuma laifina ne da ban gaya masa ba.

Daga wannan na koyi cewa rabin aikin ana yin sa ne tun kafin ruwa ya isa tanki, kuma a hannun mahauta yake. A tari jini a mazubi tun a wurin yanka. Dama akwai masu dafa shi su shanya su sayar wa masu abincin kaji, sai a ƙarfafa su. A kwashe kayan tumbi a busashe a baro, kada a kora su da ruwa; taki ne da manoma ke saye, ko a kai su tankin bayogas nasu daban. A sa raga a bakin kwata ta tare gashi da ƙashi da leda. A yi ramin tare kitse babba, a sa wanda zai riƙa yaɗe shi kullum. Sannan a yi wani tanki na tara ruwa, domin mayanka tana amayar da kusan duk ruwanta ne cikin awoyi kaɗan na safe, halittun kuwa sun fi son a ba su kaɗan-kaɗan har dare. A raba hanyar ruwan sama da ta ruwan wanki, in ba haka ba ruwan Agusta guda ɗaya zai share tankin.

Ba zan ɓoye wa ranka ya daɗe raunin abin ba. Na farko, ba ya son gaggawa. Kafin yauƙi ya kama sosai tanki ya kai ƙarfinsa akan ɗauki wata 6 zuwa 9, ko da an yi masa iri da kayan tumbi da lakar tsohuwar sokawe. Wannan ba aikin da za a yanke ƙyalle yau a nuna ruwa garai-garai gobe ba ne, kuma na san yadda hakan yake da wuya ga mai riƙe da muƙamin siyasa. Idan aka matsa wa injiniya ya buɗe famfo gaba ɗaya saboda ranar buɗewa ta matso, tanki zai yi tsami, a ce fasahar ce ba ta aiki. A lokacin hunturu kuma, daren Disamba da Janairu, aikin yana ja baya, shi ya sa ake binne tankin a ƙasa, a kuma auna girmansa da sanyin hunturu, kada a auna da zafin Afrilu.

Sannan ruwan da ya fito ba na sha ba ne, ba na alwala ba ne. Tanki mai lafiya yana iya cire kashi 70 zuwa 90 na nauyin dattin, amma bai kashe ƙwayoyin cuta duka, bai kawar da ƙwan tsutsar ciki duka, kuma sinadarin amoniya yana nan. Dole a bi shi da tafkunan da rana za ta gasa, ko fadamar da aka gina da tsakuwa aka shuka ciyawar kacalla a kai. Kacallar nan da ta addabi mutanen Hadeja da Nguru, a nan tana da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙa'idar kada ƙwan tsutsa ya wuce 1 a lita a ruwan da za a yi ban ruwa da shi, kuma wannan shi ne abin da ya kamata a auna kafin a sake shi ga masu lambu. Amoniyar da ta rage kuwa taki ce, mai lambu zai yi maraba da ita.

Gas ɗin ma amana ne. Kusan kashi 60 zuwa 70 nasa metan ne, kuma idan aka bar shi ya tsere sama, illarsa wajen ɗumama duniya ta ninka ta iskar kabon sau 28 a tsawon shekara 100. Dole a tara shi a ƙona. Wurin ƙona shi kuwa yana nan a cikin mayankar: masu babbakar kai da ƙafa da ganda, waɗanda da yawansu da tsofaffin tayoyi suke yi, baƙin hayaƙi yana shiga ƙirjinsu yana kuma shiga naman da za mu ci. A cikin gas ɗin akwai wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda take cin ƙarfe, take kuma kashe mutum cikin mintuna a rufaffen wuri. Mun sha jin yadda mutum ke shiga ramin masai ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi ceto shi ma ya faɗi. Duk murfin tanki a sa masa kwaɗo, mabuɗi a hannun mutum ɗaya da aka horar.

Na san za a tambaye ku batun majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai, tunda su ne suka fi yin suna. Roƙona kada a fara da su, kuma kada a haɗa ruwansu da na mayanka. Ruwan jima na zamani yana ɗauke da gishiri, da farar ƙasa da sinadarin salfaid na cire gashi, da kuma kurom, sinadarin da ake jeme fatar da shi. Salfaid yana sa masu yin metan su suma, kurom kuma yana taruwa a laka ya hana a yi taki da ita. A Kanpur ta Indiya, a unguwar majema ta Jajmau, an gina matata marar iska a shekarun 1990 da taimakon Holan, aka tsara ta a kan a gauraya kashi 1 na ruwan jima da kashi 3 na ruwan gari don a sassauta dafin. Duk da haka ta sha wahala, saboda majemu sun ƙaru kuma kurom ya ci gaba da zuwa. Sai kowace majema ta cire kurom ɗinta a cikin gidanta tukuna, dama dokokin 2009 na NESREA, hukumar tarayya mai kula da ƙa'idojin muhalli, kan masana'antun fata da saƙa suka riga suka ɗora wa masu masana'anta alhakin tace ruwansu. Cibiyar binciken fata da ke Samaru a Zariya ta san wannan fanni fiye da ni.

Abin da nake roƙo ƙarami ne idan aka gwada da kuɗin babbar matata. A zaɓi mayanka ɗaya matsakaiciya a cikin ƙananan hukumomin birni, wadda take da fili a bayanta kuma babu shirin tashinta nan kusa. A auna ruwanta na tsawon makonni, safe da rana, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, domin wanda bai san yawan baƙinsa ba bai san tukunyar da zai ɗora ba. A gina ƙananan tankuna 4 a jere, iri ɗaya, a cika ɗaya da kasake, ɗaya da jan bulo, ɗaya da murafen gora, ɗaya da robar waje don a sami abin kwatance. A ba ɗaliban Jami'ar Bayero da na jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil aikin aunawa har shekara ta zagayo, ta haɗa da hunturu da bazara da damina da babbar salla, a kuma buga sakamakon a fili ko da bai yi daɗi ba. Magina na gida ne za su yi ginin, da bulo da siminti, yadda in ya tsage su za a kira.

Kuma tun ranar da za a haƙa rami a zauna da Sarkin Pawa a yanke wa zai riƙa yaɗe kitse, wa zai riƙe mabuɗi, nawa za a cire a kan kowace dabba don gyara, kuma wa zai ci gas ɗin. Ni a ganina a bar wa masu babbaka shi a farashi mai sauƙi, kuɗin ya zama albashin mai kula da tanki. Mutumin da abincinsa ke fitowa daga wutar nan ba zai bari a tuttula magani a kwata ba.

Idan ma'aikatarku ta ga dacewar a zauna, zan zo da zanen tankin da na gyara bayan kuskurena, da kaskon nan da na tsinta, yana nan a ajiye a cikin wani gwangwani a ofishina, ko da yake yauƙin ya bushe ya zama kamar ɓawon kuka.

Allah ya taimaki Kwamishina, ya ba Jihar Kano lafiya da zaman lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan mahauta, injiniyan ruwa,
daga Fagge, Kano.